Ƙaramin Yatsa da Ragon Suna

Ƙanena ya rasu ya bar matarsa da ciki. Direba ne, ya yi shekaru yana bin hanyar Damaturu a lokacin da kowa ke tsoronta, amma ba hanya ce ta ci shi ba, ɗan zazzaɓi ne ya kwantar da shi a ɗakinsa. Mu biyu kaɗai iyayenmu suka bari a duniya, ni ce babba, ni na goya shi. 

Matar ta koma gidansu a unguwar Shehuri, nan cikin Maiduguri, a can ta yi takaba, a can kuma ta haifi ɗa namiji. Ranar da na je barka sai kawunta ya sa aka kira ni zaure. Shi ya riƙe ta tun tana ƙarama. Ɗan kasuwa ne mai shagon yadi, mutumin kirki, sai dai irin masu kirkin nan ne da ba sa tambayarka ko kana so kafin su yi maka.

"Malama, kada ki ɗora wa kanki nauyi," ya ce da ni. "Ga rago can na ɗaure a bayan gida. Ranar Asabar za mu yanka, a sa wa yaro sunan mahaifina."

Na ce, "Alhaji, sunan uban yaron fa?"

Ya gyara zama, ya ce, "To, ai kin san yadda aka saba. Idan dangin uba sun kawo ragonsu, suna nasu ne, ba mai ja da su. Ni dai na ga ba kowa ne, shi ya sa."

Wannan "ba kowa" ita ta tsaya mini a wuya. Na ce masa, "Alhaji, dangin uba ba su ƙare ba, ga ni zaune a gabanka. Rago zai shigo gidan nan kafin magaribar Juma'a." Ya yi murmushi ya ce Allah ya ba da iko, kuma na ga alamar bai yi niyyar kwance nasa ragon ba.

Ba cika baki na yi ba. Ni malamar firamare ce, kuma ina da ɗan abin da na tara a banki daga albashina. Maigidana ɗan fansho ne, wato dai addu'a ce gudummawarsa, kuma yana bayar da ita a yalwace. Ranar Alhamis da safe na shiga kasuwar dabbobi don in ga yadda ake ciki. Babbar salla ta matso, raguna sun yi tsadar da ko kallonsu ka yi sai ka ji kamar za a ce ka biya. Na yi ta zagaye har na dace da wani dattijo Bashuwa da ya kawo nasa daga wani ƙauye gaba da Dusuman. Fari ne mai baƙin kai, ba ƙato ba ne, amma ba wanda zai gan shi ya taɓe baki. Muka yi ciniki muka daidaita a kan abin da zan iya.

Ban je da kuɗi ba, don haka ya ce zai ajiye mini shi zuwa la'asar ɗin gobe. Daga nan zai sayar wa duk wanda ya taya, domin dole ya fita gari kafin sojoji su rufe hanya. Ya kuma ja kunnena cewa shi kuɗi yake karɓa a hannu, bai san wani abu wai shi turawa ta waya ba. Na ce mu biyu ke nan.

Da yamma na tafi ƙunshi. Wanda bai san matan Maiduguri ba zai ce wace irin mata ce wannan, rago bai zo hannu ba tana zancen lalle. To, mu a nan gwaggon jariri ba ta shiga gidan suna da farin hannu, sai a ce ba ta yi murna ba. Mai ƙunshin ta lulluɓe mini kan yatsu da jan lalle har gaɓa, ta bi da maganin nan da ke mai da shi baƙi wuluk. Ƙaramin yatsana na hagu kaɗai na hana ta taɓawa, saboda waya ba ta daina ƙara ba, 'yan barka ne da masu tambayar anko, kuma da shi nake dannawa. Ta yi ta mita wai zan ɓata mata aiki, mutane su ce ita ce ba ta iya ba. Na ce za mu cike shi daga baya. Kafin ƙunshi ya kama magariba ta yi, kowa ta kama gabanta.

Da safiyar Juma'a na tashi da shirin in biya ta banki in wuce kasuwa. Sai na ce bari in turara kayan da zan sa gobe tukuna, su kwana suna tsotsar ƙamshi. Na zuba garwashi a kasko, na barbaɗa turaren wuta, na kifa kabbasa a kai, wato kwandon nan mai faɗi da ake shanya tufa a kansa hayaƙi ya ratsa ta. Na ɗora lafayata da ɗankwali. Ƙaramar jakar hannuna kuwa na rataye ta a cikin kabbasar, don mu a wurinmu jaka ma sai ta yi ƙamshi, ba a buɗe ta a gaban mutane tana warin kuɗi.

Sai ga kiran mai jego. Muryarta ƙasa-ƙasa ta ce, "Yaya, da gaske ne za ki kawo? Ni ba na iya yi wa Kawu musu, amma sunan babansa nake so." Ta fashe da kuka, ni ma na taya ta. Muka daɗe a haka, ina rarrashinta tana rarrashina. Abin da ya katse mu shi ne ƙamshin ɗakin da ya juye ya koma ƙaurin roba.

Jakar ta zame ta sauka dab da bakin kasko. Da na zazzage ta sai ga katin cirar kuɗina da katin ɗan ƙasa da na zaɓe sun lanƙwashe sun manne da juna, sun zama abu guda kamar ƙanzon tukunya. Na ɓamɓare su da ƙyar. Hotona na jikin katin ɗan ƙasa ya tafi ya liƙe a bayan na zaɓe, rabin fuskar nan, rabin can.

Maigidana ya leƙo ya duba, ya shinshina, ya ce, "To, ko ba su ba ki kuɗi ba za su yaba ƙamshi." Na harare shi kawai, don da na buɗe baki a lokacin da auren shekaru ya girgiza.

Na fara gwada mai POS na bakin layinmu a Moduganari. Ya yi ta ƙoƙarin cusa katin a na'urarsa, ya taka shi da ƙafar kujera ko zai miƙe, ina, ya ƙi. Ya ce, "Mama, ki yi mini transfa kawai in ba ki kuɗin." Nan fa ɗaya. Ni tun da aka kira wata maƙwabciyata aka kwashe mata kuɗi ta waya na rantse ba zan haɗa wayata da banki ba, na kuma daɗe ina yi wa mutane wa'azi a kan haka. Rance kuwa ban ko kawo shi a raina ba. Duk wanda zan iya tambaya a garin nan, kafin in dawo gida labarin ya isa zauren Alhaji.

Na tare keke na nufi banki. Juma'a ce, kuma ƙarshen wata, layi ya fito har waje. Na bi shi ina duba rana ta taga ina cin raina. Da liman ya kusa hawa mumbari sai maza suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, ma'aikata ma suka ragu, layin ya koma kusan na mata zalla. A haka na isa gaban kanta.

Wata yarinya na tarar, siririya, da ɗan gicciye a sarƙar wuyanta, Hausarta irin ta mutanen kudancin Borno. Na ajiye mata katin. Ta ɗaga shi da yatsu biyu ta juya shi, ta yi iya ƙoƙarinta ta haɗiye dariya.

"Mama, gobara aka yi?"

"Turare ne, 'yata. Sabo nake so, yanzu-yanzu."

Ta ce katuna sun ƙare musu, sai mako mai zuwa. Amma ta ce ba sai da kati ba, ana iya ba ni kuɗina a nan kan kanta idan na nuna shaida. Na tura mata sauran biyun. Ta dube su, ta dube ni, ta ce waɗannan ba za su karɓu ba. Hanya ɗaya ta rage, in ɗora yatsa a na'ura ta tabbatar ni ce. Na ji wani sanyi a raina, na ce ai wannan mai sauƙi ne, yatsu kam da su na fito.

Na ɗora babban yatsan dama a kan ɗan gilashin. Jan haske. Ta ce in goge in sake. Ja. Muka koma manuni, muka tsallaka hannun hagu, duk ja. Ta kama hannuna ta duba, ta ce, "Ayya Mama, lallen ne. Ya yi baƙi da yawa, na'urar ba ta ganin zanen. Kullum muna fama da wannan idan lokacin biki ya zo. Sai ya ɗan koɗe, ki dawo."

Na tambaye ta yaushe ke nan, kamar ban sani ba. Ƙunshin mai ƙunshina sai ya yi makonni bai motsa ba, abin da nake yabonta a kai ke nan.

Matan da ke bayana duk sun ji. Nan da nan shawara ta fara zuwa ta ko'ina. Wata ta ce toka, wata ta ce man goge baki, wata ta ce kananzir. Wata tsohuwa ta kwance bakin lafayarta ta ciro lemon tsami da ta sayo don kunu, ta gatsa shi biyu ta miƙo mini, ta ce da Hausarta mai nauyin Barebari, "Je ki murza, 'yar uwa, ni na tsare miki wuri. Duk wanda ya shiga nan sai ya taka ni." Na zagaya wurin famfo na yi ta dirzar babban yatsa da lemo da yashi har fata ta yi zafi. Abin da na samu kawai shi ne na ɓata adon, baƙin kuwa yana nan daram. Na dawo na ɗora, na'ura ta sake nuna ja.

A nan ne dabara ta ƙare mini. Na tsaya a gefen kanta ina kallon kuɗin da ake ƙirga wa wasu, nawa na ciki, amma an ce ba ni ba ce. Na hango gobe da safe, ana sanar da sunan wani mutum da ban taɓa gani ba a kan ɗan ƙanena, mai jego tana sunkuyar da kai, ni kuma ina zaune da lafaya mai ƙamshi. Hawaye ya zubo mini, na kai hannun hagu zan share. Sai na ga ɗan yatsan nan fari fat a gaban idona. Tun safe nake naɗe shi a cikin tafin hannu don kada mata su gani su yi da ni, har na saba na manta da shi.

Na koma kanta ba tare da neman izinin kowa ba, na ɗaga shi sama. "'Yata, ga wannan."

Ta ce, "Mama, babban yatsa da manuni ake sawa. Su kwamfuta take tambaya."

Na ce, "Ranar da kuka yi mini rajista guda nawa kuka ɗauka? Ina tune, wani yaro mai taye ya danne mini hannu, huɗu nan, huɗu can, sannan manyan biyu. Har na tambaye shi ko na ƙafa ma zan cire takalmi. Kun karɓi goma kun ajiye, yau kuma ku ce huɗu kuka sani? Sauran shidan sayar da su kuka yi?"

Mata suka kwashe da dariya, ita ma ta kasa riƙewa. Ta ce gaskiya ana iya sauya yatsa, amma ba ita ke da ikon ba, sai manaja ya sa hannu, shi kuwa ya tafi masallaci. Na ce zan jira shi. Na ja kujerar maigadi na dasa ta a ƙofar ofishin manajan na zauna. Maigadin ya zo zai yi magana, ya dubi fuskata, ya fasa.

Ban taɓa jin huɗubar da ta kai ta ranar tsawo ba, ko da yake ba na cikin masallacin. Can sai ga manaja ya shigo da darduma a kafaɗa, wani Babarbare mai furfura a gemu. Ya gan ni a ƙofarsa ya ce, "Wushe, Hajiya, lafiya?" Na ce ba lafiya ba. Na zayyana masa komai a tsaye, daga zauren Alhaji har zuwa kabbasa, ban rage ba. Na ƙare da cewa, "Ranka ya daɗe, ba alfarmar kuɗi nake nema ba, nawa ne. Yatsa ɗaya nake so a tambaya."

Ya ajiye dardumar. Sannan ya ce shi ma gwaggonsa ce ta yanka masa rago, don bai tarar da mahaifinsa ba. Ya wuce bayan kanta, ya danna abin da zai danna, ya ce da yarinyar, "Ƙaramin hagu."

Na goge shi a lafaya, na yi bisimilla, na ɗora. Ɗan yatsa ne, bai ko cika rabin gilashin ba. Na'urar ta yi jim kamar tana shawara, sai ga kore. Hotona ya fito a kwamfuta, fuska cikakkiya, yarinyar ta juyo da ita don in gani. Tsohuwar mai lemo ta rangaɗa guɗa a tsakiyar banki, wasu biyu suka amsa mata. Maigadi ya rugo yana "Don Allah, nan ba gidan biki ba ne!" Ta ce masa gidan suna ne, ya matsa.

Yarinyar ta miƙo mini kuɗin da hannu biyu, ta ce, "Mama, a shafa mini kan jariri." Na ce sai dai ta zo ta shafa da kanta, na kwatanta mata gidan. Na tura kuɗin a inda mata ke turawa, na fita ban ko tsaya ɗaukar gawar katunan ba.

Mai keken da na samu na gaya masa idan ya kai ni kafin la'asar zan yi masa addu'ar da ba a taɓa yi masa ba. Ya ce ya fi son a ƙara masa wani abu. Na ce duka biyun. Muka isa kasuwa ana kiran salla, na hango dattijon mai rago yana naɗe tabarmarsa, wani mahauci kuma yana tattaɓa gadon bayan ragona. Tun daga nesa na ɗaga murya, "Malam, sauke hannunka, wannan yana da mai shi!" Dattijon ya ce saura ƙiris, don ya riga ya fid da rai. Na biya shi, ya damƙa mini igiya.

Ni da rago muka shiga bayan keke ɗaya. Ya tattaka mini ƙafa, ya yi mini abin da raguna ke yi a kan lafaya, ban ji haushi ko kaɗan ba. Da muka shiga Shehuri mai keke ya ce ko ya zagaya ta ƙofar baya, tunda maza na zaune a ƙofar gida. Na ce ya tsaya a gabansu. Na sauko da kaina na ja igiyar, na yi sallama, na ce, "Alhaji, ga saƙon dangin uba."

Ya tashi ya zagaya ragon, ya buɗe bakinsa ya duba haƙora, kamar yadda ɗan kasuwa zai yi. Sannan ya yi dariya ya ce, "Malama, kin cika. Nawa sai ya jira salla." Ya juya ya ce da mutanen wurin, gobe sunan na gidan uba ne.

Washegari da hantsi muna cikin ɗaki da mai jego, maigidana yana waje tare da maza, shi ya raɗa wa liman sunan. Muka ji an shafa fatiha, sai maroƙi ya ɗaga murya ya faɗi sunan ƙanena, ya maimaita, har ya shigo tsakar gida yana faɗi. Mai jego ta kifa fuskarta a cinyata, kafaɗunta suna rawa.

Nan take mata suka shiga neman lakabin da za a riƙa kiran yaron da shi, tunda uwarsa ba za ta iya kama sunan mijinta ba. Wannan ta kawo nata, waccan ta kawo nata, aka tambaye ni wanne na zaɓa. Na ce su zaɓa wa kansu, ni ba ni da wannan kunyar, ƙanena ne, da bakina na saba kiransa ya zo ya ci tuwo. Na karɓi jaririn na ɗora shi a kafaɗa, na kira sunan gatsal, da ƙarfi, yadda nake kiransa a gidanmu.